Wanda Ya Iya Kuka Shi Ke Samu: Koken Jama'a Kan Ƙananan Hukumomin Ingila

A ranar 21 ga Disamba 2020 wani yaro mai suna Awaab Ishak ɗan garin Rochdale da ke arewacin Ingila ya rasu, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 2. Iyayensa 'yan asalin Sudan ne, suna haya a gida mai ɗakin kwana ɗaya, irin gidajen da ake bai wa masu ƙaramin ƙarfi. Bangon kicin da na banɗaki duk baƙar fumfuna ta cinye su. Tun 2017 mahaifin ya kai kuka, aka ce masa ya shafa fenti a kai. Ya shafa, ta sake tsirowa. A 2020 wata ma'aikaciyar lafiya mai zagayen gidaje ta rubuta wa masu gidan takarda cewa tana tsoron abin da zai sami yaron, ba a gyara ba. Da iyalin suka ɗauki lauya, sai aka fake da wata ƙa'ida da ta ce a jingine gyara har a daidaita ta fuskar shari'a. Wasu ma'aikata kuma suka yanke a ransu cewa yadda mutanen gidan ke wanka ne ke jawo danshin, ba tare da wani ya zauna ya tambaye su ba. A Nuwamba 2022 jami'ar shari'a mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa daɗewar da yaron ya yi yana shaƙar fumfunar ita ce ta kashe shi.

Adalci ne a faɗi cewa ba ƙaramar hukumar Rochdale ce ke riƙe da gidan a lokacin ba, domin tun 2012 ta miƙa gidajenta ga wata ƙungiyar gidaje mai suna Rochdale Boroughwide Housing. Amma abin da ya faru a ɗakin nan shi ne abin da ake ta karantawa a dubban koke-koken da jama'a ke kai wa kan ƙananan hukumomin kansu: mutum yana da haƙƙi a rubuce a doka, ya je ya nema, a yi ta yi masa je-ka-ka-dawo har ya gaji ko abin ya lalace. Hujjar da zan kafa a nan ita ce, a Ingila ta yau jinkiri ya zama mudun da ake auna wa jama'a haƙƙinsu da shi. Majalisar dokoki ta yi alkawari mai yawa, baitulmali ya ba da kaɗan, ƙananan hukumomi kuma suka gano cewa hanya mafi sauƙi ta cike giɓin ita ce a bar mutane su jira, a biya wanda ya matsa, a manta da wanda ya yi shiru.

Kada mai karatu ya auna ƙaramar hukumar Ingila da wadda ya sani a gida. A can ita ce ke da alhakin sama wa iyalin da suka rasa matsuguni wurin kwana, ita ce ke tantance tsohon da ba ya iya wanka ko dafa abinci da kansa ta tura masa mai kula, ita ce uwa da uba ga yaran da aka raba da iyayensu, waɗanda a duk Ingila sun haura 80,000, ita ce kuma ke tsara karatun yaron da ke da buƙata ta musamman. Waɗannan duka wajibai ne da doka ta ɗora mata. Idan ta gaza, akwai ofishin da aka kafa da dokar 1974, wanda ake kira Ombudsman, wato mai binciken ƙorafin jama'a, kuma kai ƙara gabansa kyauta ne. A shekarar 2024 zuwa 2025 koke-koken da suka isa ofishin sun haura 20,000. Cikin waɗanda ya yi wa cikakken bincike, kimanin 8 cikin 10 ya sami hukuma da laifi, kuma a fannin karatun yara masu buƙata ta musamman adadin ya wuce 9 cikin 10.

A nan ne ƙorafi na farko kan hujjata yake shigowa, kuma yana da ƙarfi. Za a ce ofishin ba ya bincikar kowace ƙara, yana zaɓen waɗanda ya ga alamar laifi a cikinsu, don haka dole adadin ya yi sama. Haka ne, ofishin da kansa ya sha faɗin wannan. Sai dai akwai wani ma'auni da ba a yi masa irin wannan tankaɗe ba. Iyayen da hukuma ta hana ɗansu tallafin karatu suna da damar ɗaukaka ƙara zuwa wata kotu ta musamman, kuma kotun ba ta zaɓen ƙarar da take so. A shekarar 2022 zuwa 2023, cikin ƙararrakin da aka kai ga yanke hukunci, kashi 98 cikin 100 iyaye ne suka yi nasara, ko dai a kan dukkan buƙatarsu ko a kan wani ɓangare nata. Duk ofishin da ake kayar da shi a kotu haka, shekara bayan shekara, bai kuma sauya yadda yake yanke shawara ba, to ba kuskure yake yi ba. Ya lissafa ne cewa cikin iyayen da ya ce wa a'a, kaɗan ne za su iya jure watannin shari'a, kuma ko da an kayar da shi ya riga ya tsira da kuɗin waɗannan watannin.

Fannin ilimi ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne abin ya fi fitowa fili. Dokar yara da iyalai ta 2014 ta kawo wata takardar tsari da ke haɗa ilimi da lafiya da kulawa ga yaro mai naƙasa ko matsalar koyo, tun daga haihuwa har shekara 25. Duk abin da aka rubuta a takardar, ko mai taimaka masa a aji ne, ko likitan gyaran magana, ko gurbi a makaranta ta musamman, wajibi ne hukuma ta samar. Doka ta ba da mako 20 daga ranar nema zuwa ranar fitar da takardar. A 2015 yara kimanin 240,000 ke da irin wannan tsari. A Janairu 2024 sun kai 576,000, a Janairu 2025 kuma sun haura 630,000. A 2023 kusan rabin sababbin takardun ne kawai suka fita cikin wa'adin, a 2024 ma ba su kai rabi ba. Mako 20 ya riga ya cinye rabin shekarar karatu. Idan aka ninka shi, yaro ɗan shekara 6 da ba ya iya zama a aji ya rasa shekara guda cur, uwarsa kuma sau da yawa ta ajiye aikinta ta zauna da shi a gida. Dokar ilimi ta 1996 ta ce yaron da rashin lafiya ko wani dalili ya hana shi zuwa makaranta, hukuma ta shirya masa karatu ta wata hanya, kuma rashin yin hakan na cikin laifuffukan da mai binciken ƙorafi ya fi yawan kamawa.

To, me hukuma ke biya idan an kama ta? Idan jinkirin ya samo asali ne daga ƙarancin ƙwararrun da ke gwada yaro, abin da ofishin ya saba shawartawa shi ne fam 100 a kan kowane wata da aka makara. Gurbi ɗaya a makaranta ta musamman mai zaman kanta yana cin dubban fam goma-goma a shekara. Duk akawun da ya ɗora waɗannan lambobi biyu gefe da gefe ya san inda riba take. Ban ce akwai jami'in da ke zama ya ƙudurta cutar da yaro ba. Yawancinsu mutane ne da fayil ya yi wa yawa, suna barin aikin saboda gajiya. Amma tsarin da karya doka ya fi bin ta araha ba ya buƙatar mugun mutum kafin ya yi ɓarna, shi da kansa yake tura na kirki zuwa jan ƙafa.

Ƙorafi na biyu shi ne na kuɗi, kuma shi ne wanda shugabannin ƙananan hukumomi suka fi riƙewa. Suna da gaskiya mai yawa. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya ba da rahoto a 2018 cewa tallafin da gwamnatin tsakiya ke ba su ya ragu da kusan rabi tsakanin 2010 da 2018, idan aka yi la'akari da hauhawar farashi. A daidai wannan lokaci tsofaffi na ƙaruwa, kuɗin haya na tashi, majalisa kuma na ƙara musu wajibai: dokar kulawa ta 2014, dokar yara ita ma ta 2014, da dokar rage rashin matsuguni ta 2017. A manyan hukumomi da yawa kula da manya da yara kaɗai na lashe kusan kashi biyu cikin uku na kasafin. A Oktoba 2024 ofishin binciken kuɗin ya ce tsarin yara masu buƙata ta musamman ba zai ɗore ba ta fuskar kuɗi, duk da cewa abin da ake ware masa ya haura fam biliyan 10 a shekara. Wanda aka ɗora wa kayan raƙumi aka ba shi abincin jaki, in ya durƙusa ba shi kaɗai za a tuhuma ba.

Batun gidaje ma tushensa ya girmi shugabannin yanzu. Dokar 1980 ta zamanin Margaret Thatcher ta bai wa masu haya a gidajen hukuma damar saye da rangwame, aka sayar da kusan gidaje miliyan 2 a Ingila, ba a kuma gina kwatankwacinsu ba. Yau iyalai kimanin miliyan 1.3 ke kan layin jiran gida. Tun 2023 iyalan da ke zaune a matsugunin wucin gadi sun haura 100,000, yaran da ke cikinsu kuma sun wuce 150,000 a 2024. A shekarar 2023 zuwa 2024 hukumomi sun kashe fiye da fam biliyan 2 a kan wannan zama na wucin gadi, mafi yawansa ga masu otal da masu gidajen haya. Ƙa'ida ta ce kada a ajiye iyali mai yara a ƙaramin masauki da ake haɗa banɗaki da kicin da baƙi fiye da mako 6. Ana karya ta a kai a kai. A irin wannan ɗaki uwa da 'ya'ya uku ke kwana, jariri ba shi da filin rarrafe, babbar 'yar tana aikin makaranta a kan gado, da asuba kuma su hau bas biyu domin an kai su wata unguwa nesa da makarantarsu.

Duk da haka ban yarda kuɗi ya wanke kowa ba, saboda dalilai biyu. Na farko, wasu hukumomin da hannunsu suka haƙa ramin. Tun daga Northamptonshire a 2018, an ga jerin waɗanda suka fitar da sanarwar sashe na 114, wadda ke nufin ba za su iya daidaita kasafinsu ba: Croydon a 2020, Slough a 2021, Thurrock a 2022, sai Woking da Birmingham da Nottingham a 2023. Thurrock ta ciyo bashi ta zuba ɗaruruwan miliyoyin fam a harkar gonakin wutar sola. Woking, ƙaramin gari, ta tara bashin da ya kusan fam biliyan 2 a kan dogayen gine-gine. Birmingham, wadda ta fi kowace girma, ta faɗi ne da bashin rashin daidaita albashin mata da maza wanda aka ƙiyasta zai iya kai fam miliyan 760, ga kuma sabuwar manhajar kwamfuta da ta ƙi aiki. Ana iya cewa matsi ne ya tura wasu neman riba, amma matsin ya sami kowa, kuma mafi yawa ba su yi wannan caca ba.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Babban ɓangare na abin da ake kama hukumomi da shi ba ya cin ko kwabo: wasiƙar da ba a amsa ba, shawarar da aka yanke ba a rubuta wa mutum ba balle ya san yana da damar ɗaukaka ƙara, fayil da ya ɓace da aka sauya ma'aikaci, da kuma ɗaukar mai kuka a matsayin fitinanne. Gobarar benen Grenfell a Landan, ranar 14 ga Yuni 2017, ta ci rayuka 72 a ginin da mallakar ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea ne, ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi arziki a ƙasar. Mazauna benen sun yi shekaru suna gargaɗi kan hatsarin wuta. Rahoton ƙarshe na kwamitin binciken gobarar ƙarƙashin Martin Moore-Bick, wanda ya fito a Satumba 2024, ya ce dukkan mace-macen abin kaucewa ne, ya kuma bayyana dangantakar masu kula da ginin da mazaunansa a matsayin mai cike da rashin yarda da ƙiyayya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in ana ganinsa da mutuncin da za a saurare shi. A Rochdale da Grenfell duka, masu kukan talakawa ne, da yawansu baƙi ko 'ya'yan baƙi, kuma ban ga yadda za a raba wannan da kunnen uwar shegun da aka yi da su ba.

Akwai masu cewa iyaye ne suka cika nema, wai kowa na son a rubuta wa ɗansa larura domin ya sami ƙari. Wannan magana ba ta da ƙarfi a gaban alƙaluman kotun da na ambata, tunda alƙalai ke duba shaidar likitoci su ba iyaye gaskiya. Abin da ke cikinta na gaskiya shi ne, da tallafin yau da kullum ya ƙafe a makarantu, takardar doka ta zama ƙofa ɗaya tilo, kowa ya yi kanta. Wannan kuma shi ne ya fi damuna a lamarin baki ɗaya. Idan sai da faɗa ake samu, to rabo zai bi ƙarfin baki. Iyayen da suka yi karatu mai zurfi, masu iya biyan lauya da likita mai zaman kansa, su ne ke cin nasara. Matar da ke aikin dare, ko wadda Turancinta bai nuna ba, ko tsohon da mantuwa ta kama ba shi da ɗa a kusa, ba za su taɓa bayyana a cikin 20,000 ɗin nan ba. Hanyar koken ma a warwatse take: gyaran gida yana wajen wani mai bincike na daban tun 2013, rashin matsuguni yana wajen mai binciken ƙorafin da na ambata, asibiti yana wajen na uku, abin da ya faru cikin makaranta kuma galibi ba hurumin ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Yaro ɗaya mai naƙasa a gida mai yoyo yana iya buƙatar ƙofa huɗu.

Kula da tsofaffi shi ne inda shirun ya fi yawa, kuma a nan laifin 'yan siyasar Landan ne tsantsa. Wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa kulawa, adadin da ba a taɓa ba tun 2010. Kwamitin Andrew Dilnot ya ba da shawara a 2011 a sa iyaka kan abin da mutum zai kashe a rayuwarsa. Aka yi ta ɗagewa, aka tsayar da fam 86,000, aka sake ɗagewa, har ministar kuɗi Rachel Reeves ta soke shirin a Yuli 2024. Sabon kwamitin Louise Casey kan wannan batu sai 2028 ake sa ran rahotonsa na ƙarshe. A tsakanin nan hukumomi na sayen kulawa da farashi mai rahusa, albashi ya yi ƙasa, guraben aiki fiye da 100,000 suka zauna babu kowa. Da aka buɗe bizar masu kula da marasa ƙarfi a Fabrairu 2022, dubban 'yan Najeriya da Ghana na cikin waɗanda suka cike giɓin, kafin a hana su zuwa da iyali a 2024, a kuma rufe ƙofar ga sababbin masu nema daga waje a Yuli 2025. Su ne ke shiga gidan tsohuwa da rabin sa'a a hannu, a ce su tashe ta, su yi mata wanka, su ba ta magani da karin kumallo, su ruga gida na gaba.

Wasu na ganin maganin shi ne a mayar da shawarar mai binciken ƙorafi umarni na dole. Ban ga a nan matsalar take ba, domin hukumomi na aiwatar da fiye da kashi 99 cikin 100 na shawarwarinsa. Suna ba da haƙuri, su biya, su sake yi wa na gaba. Wasu kuma na cewa tara mai tsanani daga tukunya ɗaya za ta fito, wato kuɗin wani yaron ne za a ɗauka a biya wannan. Wannan gaskiya ne, shi ya sa tara ita kaɗai ba za ta wadatar ba. Amma dokar da aka sa wa sunan Awaab ta nuna hanya. Daga 27 ga Oktoba 2025, mai gidan haya na jama'a wajibi ne ya binciki koken danshi da fumfuna mai hatsari cikin kwana 10 na aiki, ya kuma magance na gaggawa cikin sa'a 24, in ya ƙi ɗan haya na iya kai shi kotu. Abin da ya rage shi ne a yi wa sauran wa'adodin irin wannan haƙori, diyya ta riƙa zuwa da kanta ga duk wanda aka wuce wa'adinsa ba sai ya roƙa ba, majalisa kuma ta ɗauki ɗaya cikin biyu a bainar jama'a: ko ta biya kuɗin alkawuran da ta rubuta, ko ta fito ta ce ta janye su, masu zaɓe su yi mata hukunci.

Ga 'yan'uwanmu da ke zaune a Ingila, da masu 'ya'ya ko iyaye a can: kunya da kawaici da aka yi mana tarbiyya da su ba sa aiki a ofisoshin nan. Duk abin da kuka nema ku nema a rubuce, ku ajiye kwafi da kwanan wata, ku ɗauki hoton bangon, ku nemi a ba ku amsa a rubuce, ku kuma nemi tafinta in kuna buƙata. Sai an fara kai koke ga hukumar kanta kafin mai binciken ƙorafi ya karɓa, kuma a ƙa'ida ba ya duba abin da ya wuce wata 12 daga ranar da kuka san da matsalar. In akwai maƙwabciyar da ba ta iya rubutun ba, ku zauna ku rubuta mata.